Ranar da Uwani Ta Kankare Kaskon Hajja

Jikata ce ta fama mini wannan tsohon mikin, ita kuma ba ta san ta yi ba. Ranar nan ta shigo mini da wani kasko a cikin kwali, wai na baƙin ƙarfe ne, daga waje aka kawo shi. Ta zauna kusa da ni tana nuna mini wata mata a waya tana koyar da yadda ake gyara sabon kasko. Wai a shafa masa mai, a kifa shi cikin murhun gashi irin na lantarki, a ba shi awa ɗaya, shi ke nan ya gyaru. Na ce awa ɗaya? Ta ce ƙwarai kuwa, Kaka, ai yanzu an ci gaba. Na karɓi kaskon na shafa cikinsa da tafin hannu, na ji shi da kaushi kamar dunduniya mai faso, na miƙa mata abinta na ce ta ɗauke mini shi daga gabana. Yarinyar ta fita tana gunaguni, wai tsufa ya sa ni masifa. Masifa dai tun ina budurwa nake da abata, ba tsufa ne ya koya mini ba. Abin da ba ta sani ba, na san macen da ta yi damina biyu a tsugune gaban kasko ɗaya kafin ya gyaru, kuma ni ce na tsugunar da ita.

A Yakasai na tashi, cikin wani lungu da ko jaki sai an sauke masa mangala kafin ya shige. Mutanen Barno ake ce mana a unguwa, ko da yake kakannin kakanninmu ne suka san Barnon. Abin da ya rage mana na can bai taka kara ya karya ba, daga turaren wuta sai sinasir, sai kuma 'yan kalmomin zagi na Barbarci da kakata Hajja take jefo wa mutum idan ranta ya ɓaci. Ita ta riƙe ni da yayana Bukar tun rasuwar mahaifiyarmu, don mahaifinmu fatauci ya cinye masa rabin rayuwa a kan hanya. Safiyar wancan zamani da kunne ake gane ta. Kafin rana ta leƙo katanga za ka ji guga tana bugun bakin rijiya, ka ji taɓare suna amsa wa juna daga wannan gida zuwa wancan, ka ji tsintsiya tana bin tsakar gida, wata uwa tana ƙwala wa 'yarta kira ta zo ta kwashe toka. Yanzu in na farka janareton maƙwabci nake ji da ƙarar babura. An rufe rijiyar, an malale tsakar gidan da siminti, wuta kuma sai a murɗa wani abu ta kama shuɗiya, ba hayaƙi ba toka. Ba na cewa da can ya fi daɗi, hayaƙin nan ya cinye idon mata da yawa. Ina dai cewa da can kowane abu sai ya ci kwanakin mutum kafin ya zama abu, shi ya sa ɓata shi yake da ciwo.

Ranar Juma'a a gidanmu ranar sinasir ce. Tun Alhamis ake jiƙa shinkafa, a daka, a tankaɗe, a dafa kaɗan a haɗa da sauran, a rufe ƙullun a ƙwarya ya kwana ya tashi. Da an idar da sallar asuba Hajja za ta zauna gaban murhu, sai ka ji ƙullu ya sauka kan ƙarfe mai zafi yana cuuu, ka ji murfi ya rufa. Ba sayarwa muke yi ba. Rabawa ake yi, wannan faifan na malamin zaure, wannan na mai jego, wancan na tsohon da ba shi da kowa a ƙarshen lungu. Sinasir kuwa ba ya rufa wa mace asiri. Fuska ɗaya ake toya shi, ba a juyawa, da tururinsa yake nuna, ya fito fari fat da 'yan huji a sama, sannan ya sulalo daga kasko da kansa. In kaskon bai ƙoshi da mai ba sai ya kama, ya yage, ki tashi da dagargajen abin da ko yara sai sun yi miki dariya.

Kaskon Hajja faɗinsa ya kai babban faifai, yana da kunne biyu da murfinsa, nauyinsa kuwa sai da na fara zama budurwa kafin na iya sauke shi daga ƙusa ni kaɗai. Baƙi ne wuluk, cikinsa sumul, yana ɗan sheƙi in haske ya taɓa shi. Wanda bai sani ba zai ɗauka dauɗar shekaru ce. Mai ne, man gyaɗa da kitsen ragon layya, da aka yi ta shafawa kaɗan-kaɗan wuta tana gasa shi har ya zama jikin ƙarfen. Sabulu bai taɓa ganin cikinsa ba, ruwa ma ba ya daɗewa a jikinsa. Da an sauke sinasir na ƙarshe, tun yana da zafi, za a goge shi da tsumma. In wani abu ya maƙale a zuba ɗan gishiri a murza. Sannan a ɗiga mai kaɗan a shafe ko'ina har kunnuwan da bayan, a mayar kan garwashi ya ɗan yi hayaƙi, a sauke. Ba a dafa tumatir ko tsamiya a cikinsa. Da damina a bangon bayan murhu ake rataye shi don kada laima ta kama shi ya yi tsatsa. Ba a ba da aronsa ko wa ya aiko. Hajja daga hannun uwar mijinta ta karɓe shi, ita ma waccan haka. A gidanmu kaskon ba jini yake bi ba, hannu yake bi. Duk macen da tsohuwar gida ta ga hannunta ya faɗa, 'ya ce ko suruka, ita ake zaunarwa a gabansa, kuma daga ranar maganarta ce take da nauyi a cikin matan gida.

Kowa ya ɗauka ni zan gaje shi, tunda a gaban Hajja na tashi. To amma Allah bai ba ni hannun ba, haƙuri kuma ban san inda ake sayar da shi ba. In ta ce in ɗiga mai sai in kwarara, kaskon ya yi danƙo. In ta ce in kula da wuta sai hankalina ya tafi wurin 'yan matan da ke wasa a waje. Hajja ba ta ɗaukar bulala. Da bayan ludayi take ƙwanƙwasar gaɓoɓin yatsu, daidai inda ya fi zafi, sannan ta ce da faskare aka koya mini da tuni na yi suna. Ina kuka ina shafa mai, amma a raina ban taɓa shakkar cewa kaskon nawa ne ba. Wa za a ba in ba ni ba?

Ana haka Yaya Bukar ya yi aure. Uwani aka kawo mana daga Dukawuya, Bakanuwa gaba da baya, siririya mai sanyin murya, ta girme ni da shekara biyu ko uku. Gidansu gidan tsafta ne irin ta Kanawan da, waɗanda in tukunya ba ta ɗauki ido ba ba su yarda an wanke ta ba. Tun satin farko ta jawo tasoshin Hajja da suka daɗe a ƙarƙashin gado, ta goge su da toka da lemon tsami har mutum yana ganin fuskarsa. Sinasir a gidan biki kawai ta san shi, waina ta iya ta tandar ƙasa, kaskon baƙin ƙarfe kuwa ba ta taɓa riƙe shi ba. Tsakanin ƙanwar miji da matar wa akwai wasa, kowa ya san wannan. Ina da damar in ɓoye mata takalmi, in ce miyarta ba gishiri, in kira ta baƙauya, ita kuma ta rama da dariya. Ba ta kiran sunana saboda kara, Auta take ce mini yadda Hajja take faɗa. Mun yi wata biyu muna wasan nan da daɗi, har kitso take mini, hannunta ba zafi. Ban tsane ta ba, wallahi, kada wani ya ce na tsane ta.

Wata safiya ina sharar bakin ɗakin Hajja, Yaya ya shiga gaishe ta, na ji tana gaya masa cewa yarinyar nan da ya kawo tana da hannu. Ta ce ta lura da yadda take hura wuta, ba ta gaggawa, kuma in ta goge abu sai ta juya ta duba bayansa. Ta ce da an yi Mauludi za ta zaunar da ita gaban kasko, tunda wadda ta raina shekara da shekaru ta zama asarar mai. Haka ta faɗa, asarar mai. Na tsaya riƙe da tsintsiya, maganar ta yi ta cina har rana ta faɗi.

Bayan 'yan kwanaki Hajja ta tafi suna wata unguwa, wuni za ta yi. Yaya yana kasuwa. Gida daga ni sai Uwani. Ta gama wanke-wanke tana neman abin da za ta ƙara, don amarya ce mai son a yabe ta. Na ja ta madafi na nuna mata kaskon a rataye. Na ce Hajja ta daɗe tana kukan baƙin nan, ƙarfinta ne ya ƙare, ni kuma ƙyuya ta hana ni, amma duk wadda ta fito mata da hasken ƙarfen nan ta gama saye zuciyarta. Uwani ta sa farce ta ɗan kankari gefensa, ta duba farcen, ta dube ni.

"Auta, ba wasan naki ba ne kuwa?"

"Wane irin wasa? Dubi dauɗar da ke jikinsa mana. A cikin wannan ake toya abin da mijinki yake ci."

Amarya ba ta fita, ko zaure ba ta takawa, saboda haka ni na ɗauki ƙwarya na je inda ake gini a bayan lungunmu na ɗebo mata yashi mai kaushi. Na haɗo mata da toka da sabulun salo da wani guntun dutse. Ta ɗaure zani tamau, ta tsuguna bakin rijiya tun hantsi. Ni ina zaune a inuwa ina cin aya ina kallonta. Baƙin nan bai fita da sauƙi ba, ai mata uku ne suka zuba ƙuruciyarsu a ciki. Ta jiƙa, ta murza, ta kankara, baƙin ruwa yana gangarawa yana fita ta rariya. Yatsunta suka fashe, ta yagi bakin tsumma ta ɗaure ta ci gaba. Sau biyu tana ɗago kai tana tambayata ko ya isa, ina ce mata saura gefen can. Akwai lokacin da zuciyata ta ce in tsayar da ita, lokacin rabin kaskon bai taɓu ba, sai na ce a raina ai an riga an fara. Wajen la'asar ya fito toka-toka kamar yau aka zuba shi. Ta ɗauraye shi tas, ta jingine shi a jiƙe yadda ake yi wa kwano. Kafin Hajja ta dawo har jan tsatsa ya fara fitowa a tsakiyarsa. Uwani ta yi wanka, ta sa kwalli, ta zauna tana jiran yabo.

Hajja ta yi sallama ta shigo da ƙunshin kayan suna a hannu. A tsakar gida ta tsaya cak. Ba ta yi salati ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye ƙunshin, ta je ta durƙusa gaban kaskon, ta shafa cikinsa, ta duba tafinta ya yi ja. Ban taɓa ganin kukanta ba, ranar ma ba ta yi ba. Uwani ta taso da murmushinta ta durƙusa ta yi mata sannu da dawowa, ta ce ɗan taimako ne ta yi. Hajja ta tambaye ta a hankali wa ya sa ta. Uwani ta waiwayo ta dube ni. Ni kuwa na sheƙe da dariya, na ce ai wasa na yi mata, wa ya san za ta ɗauka da gaske, ko yaron goye ya san ba a wanke kaskon sinasir. Amarya ba ta musu da 'yar gida a gaban tsohuwar gida, kunya ba za ta bar ta ba. Ta sunkuyar da kai.

Hajja ta dubi ƙwaryar yashin da ke bakin rijiya, sannan ta dubi ƙafafuna. Ta san amarya ba ta fita, ta san yashi ba ya tsiro a tsakar gida. A kallon nan na gane ta san komai. Na jira ludayi, na jira abin da ya fi ludayi. Sai ta ce in je in wanke ƙafata in kawo mata ruwan alwala. Daga nan ta juya kan Uwani.

"Abin da uwar mijina da uwar mijinta suka tara, kin zubar da shi a rariya yini ɗaya. Hannun da ya kankare shi ne zai mayar. Kafin nan kada ki ƙara ɗora mini tukunya, ba na cin abincinki."

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa ta yi haka. Ina jin ba za ta iya tozarta jininta gaban bare ba ne, fushin kuma dole ya sami inda zai sauka, sai ya sauka kan wadda ba ta da bakin magana. Da Yaya ya dawo ya ji, bai tambayi kowa komai ba, ya ce abin da Hajja ta yanke shi ke nan. Kwanonsa ma ya dawo ɗakin Hajja. Ni nake dafa musu, ni asarar mai, kuma ba wanda ya ƙara cewa miyata ta yi gishiri.

Washegari aka fara. Hajja ta zauna kan kujera 'yar tsugunno tana ba da umarni da baki, ba ta sa hannu ba. Uwani ta goge tsatsar da dusa, ta ɗora kaskon a wuta ya bushe ƙayau. Ta raba albasa biyu ta murza cikinsa da rabi, ta shafa mai siriri, ta goge har kamar ba ta shafa ba, ta ɗora kan garwashi ta tsaya a kansa har hayaƙin ya tashi ya mutu. Ta sauke ya huce, ta sake. Haka kullum, bayan asuba da bayan la'asar. In mai ya ɗan yi yawa wurin ya yi danƙo, Hajja ta sa ta murje shi da gishiri a koma farko. Duk Juma'a ana ba ta ludayi ɗaya na ƙullu ta gwada. Ya kama, ya yage, ya ƙone. Hajja ta sa ta kankaro shi ta cinye a gaban mutane, wai a gidanta ba a zubar da abinci. Sinasirin rabo kuwa aka koma yin sa a wani kaskon ƙasa, kuma duk wadda ta ci ta ce ba kamar na da ba, Hajja sai ta nuna mata Uwani da baki.

Cikin fari ya same ta a wannan tsugunon. Ƙaurin mai yana juya mata zuciya, ta ruga bayan ɗaki ta yi amai, ta kurkure baki ta dawo da sauri, don in kaskon ya wuce wuta aikin kwana uku ya lalace. Ni na laƙa mata suna Mai-yashi, cikin wasa, ai ina da dama. Sunan ya fita lungu ya shiga gidajen biki. Matan unguwa in sun zo sai sun leƙa madafi sun ce ina Mai-yashin take, a nuna musu ita. Ɗanta na fari yau yana da furfura da jikoki, amma har gobe tsofaffin unguwa ɗan Mai-yashi suke ce masa, shi kuma bai san inda aka samo ba. Da ta tafi gidansu haihuwa mahaifiyarta ta ga hannuwanta, ta so ta riƙe ta. Ta ƙi, ta ce ta baro aiki. Ranar da ta yi arba'in ta dawo, da jariri a bayanta ta sauke kaskon daga ƙusa.

Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin, ko harara ba ta yi mini. Tana gaishe ni, tana amsa mini, amma kitso ya ƙare, in na tsokane ta sai ta ce to. Kuma ta fara son kaskon. Na sha kama ta tana karkata shi ga haske tana duba inda baƙi ya fara zama. Daga ruwan ƙasa ya fara, ya koma launin ƙuli-ƙuli, sannan duhu ya kama daga tsakiya yana bazuwa gefe. Ta gano abubuwan da Hajja ba ta gaya mata ba, cewa garwashin ƙirya ya fi zaunar da mai, cewa kitsen layya sai a bayan man gyaɗa yake kamawa. Da bayan hannu take gane zafinsa, ba ta yayyafa ruwa ta gwada kamar yadda nake yi. Ta san shi fiye da ni da na tashi a gabansa, kuma Hajja tana gani.

Damina ta biyu ta wuce, aka sa ranar aurena. Wata Juma'a, saura sati biyu biki, gida cike da mata ana ta aiki, Uwani ta zuba ludayinta kamar kullum. Ta rufe, ta jira, ta buɗe. Ta karkata kaskon, sinasir ya sulalo kan faifai shi kaɗai, fari fat, hujinsa reras. Hajja ta ce a ba ta ƙullun duka. Ta toya ƙwarya guda ba wanda ya kama. Hajja ta gutsuri ɗaya ta sa a baki, karo na farko da ta ci abin hannun Uwani tun ranar yashi. Ta tauna ta haɗiye. Uwani tana durƙushe, gumi yana ɗiga daga haɓarta, tana jira. Duk matan da ke tsakar gidan sun san abin da ya kamata ya biyo baya, ni ma na sani.

"Ya dawo," in ji Hajja. "Goge shi da kyau ki naɗe, a sa cikin kayan Auta. Da shi za ta tafi ɗakinta."

Wata maƙwabciya ta yi ƙarfin hali ta ce, Hajja, ai cewa ake hannu yake bi. Hajja ta ce wadda ta taɓa kashe shi sau ɗaya ba za ta bar mata shi ba. Uwani ta goge shi tun yana da zafi, ta ɗiga mai, ta shafe kunnuwan da bayan, ta naɗe shi da wani sabon zaninta, ta kawo ta ajiye a gabana. Zan iya cewa a'a, ba wanda zai yanka ni. Na karɓa, har da murnata, ina jin na yi nasara.

Can wajen Ƙofar Ruwa aka kai ni. Mijina tuwo da miyar kuka ya sani, sinasir bai dame shi ba. Na toya sau uku ko huɗu don a san gidan da na fito. Hajja ta rasu a shekara ta biyu, ba kuma mai zuwa ya duba. Wata rana na soya nama da tumatir a ciki, na bar shi da ruwa ya kwana biyu. Ya yi ja, na ce gobe zan gyara. Haihuwa ta zo, wata ta biyo ta, kwanukan zamani marasa nauyi suka shigo gari. Kaskon ya koma bayan ɗaki, damina ta bi ta kansa. Daga baya aka fara zuba wa kaji ruwa a ciki, tunda nauyinsa ba ya barin su kifar, ya yi shekaru a nan. Ƙarshe masu sayen tsofaffin ƙarafa suka tafi da shi, ban ma san ranar ba. Uwani kuwa ta zauna a gidan Yakasai har Yaya ya rasu, ta aurar da 'ya'ya ta ga jikoki. Ba ta ƙara toya sinasir ba, daga kanta aka daina yin sa a gidanmu. Muna haɗuwa a biki da suna da ta'aziyya, muna gaisawa lafiya lau. Ban taɓa tayar da maganar ba, ita ma haka, na ɗauka shekaru sun binne ta.

Bara, gab da azumi, aka aiko mini cewa jikin Uwani ya yi nauyi. Mu biyu muka rage cikin waɗanda suka ga wancan yinin. Na sa aka kai ni. Na same ta kwance a ɗakin da yake na Hajja a da, ta ƙanƙance, idon ya tafi, amma kunne da hankali garau. Na sallami yaran na zauna bakin gado na kama hannunta. Na yi ta kewaye-kewaye, ciwon gwiwa, zafin bana, waɗanda suka riga mu. Sannan na faɗa. Na ce ba wasa na yi mata ba ranar nan, da gangan na yi, na ji Hajja za ta zaunar da ita gaban kasko ne hassada ta ci ni. Na ce ta yafe mini don Allah. A garin nan ko wanda ya ci amanarka ne ya zo da wannan kalma, amsar da ake ba shi ita ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amsar nan nake jira, har na fara gyara mayafi.

Ta juyo da fuskarta wajena. Sannan ta ce ta sani tun kafin ta tashi daga durƙuson ranar, kuma yashin ta yafe shi tuntuni, yarinya ce ni. Ta ce Hajja ma ta yafe mata, tsohuwa ce da aka taɓa wa abin da ta fi so.

"Amma ranar sunan ɗanki na uku na zaga bayan ɗakinki zan kama ruwa, na tarar da kajinki suna sha a cikinsa. Na tsuguna na taɓa shi, Auta. Ranar ke ba yarinya ba ce."

Na ce to shi ma ta yafe mini. Ta zare hannunta daga nawa a hankali, ta kira jikarta ta ce a kawo wa baƙuwa ruwa. Na zauna har aka kira la'asar. Da zan tafi na sake roƙonta, ta ce in gai da gida. Ba a yi sati biyu ba aka yi mata sutura. Ina cikin waɗanda suka zauna karɓar gaisuwa, mata suna shigowa suna ce mini sai haƙuri, an yi rashin baiwar Allah da ba ta taɓa riƙe kowa a zuciya ba, Allah ya jiƙanta. Ni kuma ina cewa amin.